Askar da Na Ɓoye a Hanyar Gadarif

Da sunan Allah wanda ya halicce mu iri-iri bai shawarci kowa ba. Ni ne Sale Wanzami. Karatuna bai wuce na allo ba, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya, ya ce wa ubana a mayar da ni kan zabira tun ban lalata masa sauran yara ba. Wanda ya ga karkata a rubutun nan ya yi haƙuri, hannun ya fi sanin ƙeya a kan takarda.

Ba zan faɗi yadda muka bar ƙauyenmu na Jazira a Sudan ba. Wanda ya fito ya san nasa, wanda bai fito ba kuma ba zai gane ba. Mu uku muka hau lori: ni, da 'yata Halima, da 'yarta mai shekara goma sha biyu da ɗoriya. Mijin Halima yana arewa wajen haƙar zinariya, wayarsa ta daina shiga tun kafin yaƙi ya iso mu. Yarinyar sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka bakina bai taɓa kama sunan ba. Uwata nake ce mata, ita kuma ta ce mini Kaka, in tsokana ta motsa ta ce mini ɗana. Da hannuna na yi mata askin suna.

Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, suka ya da zango a Sudan, zangon ya zama gida. Ni jikansu kuwa ban taɓa wuce Sinnar ba. Saboda haka Gadarif, inda muka nufa, a wurina ƙasar waje ce, har na tambayi yaron mota ko kuɗinmu yana ci a can. Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya fasa abin da zai faɗa.

Bayan Dindir aka tsayar da mu a wani shinge. Samari ne da bindigogi. Ban tambayi na wane ɓangare ba ne, don ba a tambaya. Aka ce maza gefe guda, mata gefe guda. Ina cikin layin maza sai na hangi wani dogo mai tabo a haɓa ya tsaya gaban Uwata. Tana lulluɓe da tob ɗin uwarta, mayafin nan na matan Sudan, amma ta kere uwar tsawo, kafaɗunta kuma sun buɗe.

Ya ce da Larabci, "Ke, sunanki?"

Ta faɗa. Wallahi ni kaina sai da na waiga in ga wane saurayi ne ya amsa. Na daɗe ina jin muryar tana kauri, ina ce mata ta rage shan ƙanƙara, amma cikin hayaniyar gida ban taɓa jin ta ita kaɗai haka ba.

Mai tabo ya sauko da bindiga daga kafaɗa. "Namiji kuka naɗe a zane? Wa kuke ɓoyewa? Cire mayafin."

A hanyar nan mun riga mun ga an sauke samari daga mota, motar ta tashi ba su. Ni ban san lokacin da ƙafata ta bar layi ba.

Na ce, "Ya janabu, ranka ya daɗe, ka yi mana rai, gadon gida ne. Kakarta, matata, Allah ya jiƙanta, in ta yi gyaran murya a tsakar gida sai mutane su fara alwala. Tun da na aure ta ban taɓa cin gardama ba, ba don ta fi ni gaskiya ba, don ba a jin tawa."

Wani daga baya ya yi dariya. Mai tabo bai yi ba. Na ga ƙuraje sun feso masa a ƙeya, na kama su kamar igiyar rijiya. Na ce, "Wane mugu ne ya yi maka wannan aski? Da reza mai tsatsa? Zauna, ɗana, ni wanzami ne ɗan wanzami."

Ya zauna a kan akwatin harsashi, bindiga kwance a cinyarsa, bakinta yana kallon cibiyata. A rayuwata ban taɓa ɗora aska a wuyan mutum ina tsoron shi ne zai yanka ni ba sai ranar. Da na gama ya shafa ƙeya, ya duba madubina, madubin ya yi masa, zabirar ma ta yi masa, ya rataya ta. Ƙahon da nake yi wa mutane ƙaho ne kawai ya jefo mini, ya ce ba ya son kayan shanu. Bai sani ba, lokacin da yake sha'awar kansa a madubi, na zura askar ubana cikin ƙahon na toshe da tsumma. Aka ce mu hau mota. An manta da mayafin.

Direban nan da ma ya ce a Gadarif zai sauke mu. Da muka iso Hawata sai ya ce taya ta gaji, a sauka a gyara. Muna gama sauke ƙunshinmu ya juya kan motar ya koma ɗauko wasu, tayar tana gudu lafiya lau. Muka tsaya a bakin titi kamar awakin da aka manta a kasuwa. Wata mai shayi ce ta ji Halima tana salati da Hausa, ta ɗago ta ce, "Ikon Allah, 'yan'uwa ne? Ku shigo inuwa." Ban ma tambayi sunanta ba sai da muka bar garin na tuna. Ta ba mu rumfarta, ta ba mu kisra, sinasir ɗin Sudan, da miyar kuɓewa. Ina ci ina tuna bishiyar darbejiyar ƙofar gidana da kujerar askina a ƙarƙashi, har idona ya kawo ruwa, na ce barkono ne.

A nan bakin kogin Rahad, da la'asar, Uwata ta matsa can tana wanki, Halima ta durƙusa kusa da ni.

"Baba, ka ga abin da ya faru. Wani shingen ba za mu tsira ba."

Na ce, "Murya ce. Za ta washe."

"Ba murya ba ce kaɗai." Ta dubi ƙasa. "Tun bara jikinta yake juyawa, kuma ba na mace yake komawa ba. Ni uwa ce, na gani. Tun tana ƙarama take ce mini ita ba mace ba ce, ina buge mata baki. Matan ƙauye sun ce don ba mu yi mata kaciya irin ta maƙwabtanmu ba ne. Sun ce in aka yanke, jikin zai koma hanya. Baba, kai wanzami ne. Ka yi da hannunka, asiri ya tsaya a gida."

Tsoron da na ji a shinge wasa ne a kan wannan. Na yi wa yara maza kaciya har na yi wa 'ya'yansu, amma ubana bai taɓa ɗora aska a kan 'ya mace ba, bai kuma koya mini ba. Na kuma san abin da irin wannan yankan yake bari. Akwai 'yar maƙwabcinmu da aka kira ni in tsayar mata da jini bayan an gama, na je da duk abin da na sani, jinin bai saurare ni ba.

Mutumin kirki da sai ya ce, a'a, ba za a yi ba, ga dalili. Ni kuwa Allah bai yi ni a miƙe ba. Na kuma san Halima, in aka rufe mata ƙofa katanga take haurawa. Sai na ce, "Ai yau Laraba, ba a fid da jini."

"Baba, yau Litinin."

"To wata yana raguwa."

"Jiya ka nuna mini shi jariri."

"Ga sanyi. Ciwo ba ya warkewa da sanyi."

Ta ɗago ido. "Baba, ni fa 'yar wanzami ce. Da sanyi kake tara yara."

Na ga duk ƙofofina ta san su, ita ta share su tana yarinya. Sai na buɗe hannuwa na ce, "To da me zan yi? Ba a gabanki aka tafi da zabira ba? Ko askar gyaran gemu ba ni da ita."

Ta tashi ta koma wurin wanki. Ni kuma na zauna ina yaba wa kaina wayo, har na ce a raina ubana bai yi asarar haihuwa ba.

Daga Hawata motar dawa muka samu, muka hau kan buhuna. Lokacin girbi ne, gonaki ba iyaka, ba a ganin ƙarshensu. Halima ta yi gyangyaɗi. Uwata ta matso ta ce a hankali, "Kaka, za ka yanka ni?"

"Da me? Da haƙoran nan nawa biyu?"

"Na ga lokacin da ka sa ta a ƙaho."

Abin da mai bindiga bai gani ba, wannan ta gani. Na ce, "Ba zan yi ba, kuma muddin ina numfashi ba mai yi. Amma Uwata, ke me kike ji a ranki?"

Ta dubi gonaki. "In aka ce mata su tsaya can, Kaka, sai na tuna wa ƙafata hanya. Kullum sai na tuna mata." Ta ja bakin mayafin. "Wannan kuma zafi yake mini ko ana sanyi."

Ban gane duka ba. Amma na gane yaro ba ya ƙirƙiro irin wannan magana a kan buhun dawa don ya ba kakansa dariya.

A Gadarif wata makaranta aka kai mu, cike da mutanen Khartum da na Madani. Mata da yara a cikin azuzuwa, maza a gindin bishiyoyi. Abinci daga takiya, wato tukunyar taimako da mutanen unguwa suke ɗorawa, Allah ya saka musu. Kowa ya ji daɗin samun rufi, ban da ni. Mata fiye da ƙima a ɗaki guda, bayi guda, layin wanka guda, ga idanu ba aikin yi. Ba a jima ba aka fara raɗa. Uwata ta daina magana gaba ɗaya don kada a ji muryarta, har wasu suka ɗauka bebiya ce.

A ajin nasu akwai Hajja Sakina, daya ce, wato ungozoma, daga Madani. Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauke ta muguwa. Ita ta ba Halima tabarma, ita ta raba bargonta biyu da almakashi ta ba su rabi, ita take karɓar haihuwa a makarantar ba ta karɓar ko sisi. Irin mutumin da ake faɗa wa damuwa ce. Halima kuwa ta faɗa mata. Da yake ni uban Halima na rantse ba ni da aska, Hajja ta ce kada ta damu, ita tana da tata.

Ka ga wayona. Ƙaryar da na yi don in kawar da wuƙa ɗaya, ita ta kira wata.

Ni a lokacin ban sani ba. Kullum da safe sai in saɓa ƙahona in ce zan je neman labarin mutanen ƙauyenmu, in zagaya bayan katangar wani asibiti, nesa da idon Halima, in ɗora dutse biyu in yi wa mutane aski. A nan na saba da mai gadin ƙofar, wani mai suna Adam, mai sanƙo amma ba ya wuce mako bai zo an gyara masa ba. Wata rana ina kan sanƙon na ce, "Ya Adam, wani abokina ne yake da jika," na ba shi labarin a kaikaice.

Ya ce, "Ya Haj, duk wanda ya zo ƙofar nan da abin kunya, na abokinsa ne. Abokan nan sun sha wahala." Ya ce akwai likitar yara da yaƙi ya koro daga Khartum, Diktora Nafisa, a asibitin nan take yanzu, tun a can irin waɗannan yaran take gani, daga ko'ina ake kawo mata su. "Ka ce wa abokin naka ya zo da sassafe. Ka kuma ce masa hannunsa ya daina rawa a kaina."

Na koma makaranta da murnata, sai na tarar da Halima da Hajja a bakin aji suna lissafin auduga da man shafawa. Halima ta ce, ba ta dube ni ba, "Baba, Hajja za ta yi mana aikin nan ranar Talata."

Maimakon in zaunar da su in ambaci likita, sai wanzancin ya taso mini. Na zare tsumma, na zaro askar ubana, na ɗaga ta sama. "Jikar wanzami, wata wuƙa ba ta taɓa ta! In za a yi, ni zan yi!"

Halima ta dafe ƙirji. "Baba! Ka ce sun ƙwace!"

"Ta dawo."

"Aska ta dawo da ƙafarta tun daga Dindir?"

Hajja ta yi murmushi ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya Haj. Wannan aikin mata ne. Ka mayar da ita kada ka yanke kanka."

Na ce akwai likita. Halima ta ce, "Likita kuma? Rannan Laraba, yau likita. Baba, na daina jin maganarka. Kai kana kwana gindin bishiya, ni nake kwana cikin raɗa. Ka san abin da za su yi mata ranar da suka gane?" Tana faɗa tana kuka. Tsoro ne yake magana da bakinta, irin wanda yake magana da nawa, sai dai kowa da inda nasa ya tura shi.

Na ce a raina ina da sauran kwana biyu in lallashe ta. Ashe su ma sun san ni.

Washegari da safe ina layin kunu, sai ga Uwata da kwano biyu. Ta tsaya bayana, ta yi magana ba ta motsa leɓe ba. "Kaka, sun ɗora ruwan zafi. Hajja ta ce kada in karya. Sun fitar da yara daga ajin."

Na hangi Halima a ƙofar aji tana leƙen layi. Na ce, "Riƙe kwanonki kamar mai jiran kunu. In na yi tari, bi bayan tankin ruwa." Ban taɓa yin tari mai nauyin wannan ba. Muka bi bayan tanki, muka fita ta inda katanga ta rushe, tsoho da jika da kwanoni uku ba kunu. Na ji an ƙwala kiran sunan mahaifiyata daga baya, ban waiga ba, Allah ya yafe mini.

A bakin titi wani Bahabashe mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, ya tsaya. Na ce asibiti, amma ba ni da abin biya sai aski. Ya dubi fuskata, ya dubi yarinyar, ya ce, "Hau, baba. Gashina bai taru ba tukuna."

Ƙofar asibitin ba masaka tsinke. Ga tantunan masu amai da gudawa, ga masu raunuka, ga mata da jarirai. Wani ma'aikaci ya tare mu yana tambaya ina uwar yarinya, me ya sa tsoho zai kawo budurwa shi kaɗai. Mutane suka fara juyowa. Sai ga sanƙon Adam yana walƙiya cikin taro kamar fitila. Ya ce, "Ku bar shi, abokin abokina ne." Ya ja mu ta ƙaramar ƙofa.

Diktora Nafisa ba ta da ofis. A ƙarshen baranda aka kewaye mata da labule, tebur ɗaya, kujera biyu. 'Yar siririya ce, takalminta na roba irin na Halima, ita ma a gidan dangi take raɓe. Na fara, "Diktora, wani abokina ne..." Uwata ta taka mini ƙafa. Sai na faɗi gaskiya, kuma na ji mamakin yadda ba ta da tsawo.

Ba ta zaro ido ba, ba ta yi salati ba. Ta juya wajen yarinyar ta ce, "Kafin komai, da wane suna kake so ko kike so in kira?" Uwata ta dube ni, ta dubi ƙasa. Diktora ta ce, "Ba gaggawa. Ya Haj, ba mu wuri, zan yi magana da mai maganar. Ba zan duba komai ba sai mai jikin ya yarda, sai kuma uwa tana nan. A kira ta."

Na ce, "Diktora, in ta zo ni za a fara kwantarwa."

"Akwai gado," in ji ta.

Bahabashen nan ashe bai tafi ba, shi ya koma ya ɗauko Halima. Ta iso takalmi ƙafa ɗaya, ta tsaya a kaina gaban mutane ta ce, "Baba, ka sace mini 'ya." Gaskiya kuwa ta faɗa. Aka shiga da ita. Na zauna a ƙasa bakin labule ina jan carbi, ban san abin da nake karantawa ba. Daga baya aka kai su ɗakin hoton ciki, aka dawo, aka ce in shigo.

Abin da Diktora ta faɗa, ga shi yadda kaina ya ɗauka. Ta ce akwai yaran da ake haifa da kamannin mace a waje, alhali ginin ciki na namiji ne, sai lokacin balaga jiki ya fara faɗin nasa. Ta ce ba aljani ba ne, ba baki ba ne, ba laifin uwa ba ne, ba kuma don an ƙi yin kaciya ba. Malaman fiƙihu ma sun san da irinsu tun da daɗewa. Ta ce hoton ya karkata can, amma tabbaci sai an gwada jini, gwajin kuwa ba a yin sa a nan, sai an aika Bur Sudan, kuma zai ɗau lokaci.

Sannan ta kama hannun Halima ta ce, "'Yar'uwa, ruwan da kuka ɗora yau, da an yi amfani da shi, da an yanke abin da duk likitocin duniya ba za su iya mayarwa ba, kuma muryar ba za ta sauya ba. Doka ma ta hana yi wa kowace yarinya. Kada a yanke komai. Ni ma da nake likita ba zan yanke ba. Za mu jira, za mu gwada, za mu tambaye shi a kowane mataki."

Halima ta ce, "Shi?"

"Haka ya ce in ce. Kuma ko da hoton ya nuna akasin haka, da sai na tambaya. Ina ganin yaran da jikinsu bai nuna komai ba, amma zuciyarsu tana faɗin irin wannan magana. Su ma ba duka ne maganinsu ba. Zama ake yi a saurare su."

Halima ta juya ta dubi abin da ta haifa kamar yau aka miƙo mata. "Me zan ce wa ubanki? Me zan ce wa mutane?"

Muryar nan mai kauri, wadda ta yi makonni a ɓoye, ta fito a hankali. "Inna, ki ce musu ina da rai."

Halima ta zame daga kujera ta rungume ƙafafun ɗanta tana kuka. Ni ma wani abu ya shiga mini ido, ga shi ba barkono a kusa.

Ba mu koma makarantar da zama ba. Adam ya haɗa mu da wani Bahaushe mai zuwa girbi Fashaga, ya ba mu aron ɗakin ciyawa a bayan gidansa a gefen gari, inda ba wanda ya san mu. Halima ta je ta kwaso kayanmu, ta mayar wa Hajja Sakina rabin bargonta, Hajja ta ƙi karɓa. Duk wata muna zuwa wajen Diktora, tana auna tsawo, tana tambayar barci da ci, tana keɓewa da yaron, tana keɓewa da uwar. Sakamakon jini bai dawo ba har yau. Wayar uban ba ta shiga ba, kuma ban san abin da zai ce ba ranar da ta shiga. Duk motar sojoji da ta wuce sai gabana ya faɗi. Ba zan ce tsoro ya tafi ba, ya dai samu wurin zama.

Wata Juma'a da hantsi ina wasa askata a kan dutse, sai na ga Halima ta zaunar da yaron tsakanin ƙafafunta tana tsefe masa kitso. Ba ta sake kama wani ba. Da ta gama ta tura shi gabana ta ce, "Baba, tun Hawata nake roƙonka ka ɗora masa askar nan. To ga shi. Gashi kaɗai."

Na jiƙa kan da ruwa. Kan nan na san shi, ga 'yar maɗigar da na bi a hankali ranar suna, ta rufe ta yi ƙarfi. Na ce, "Uwata, sunku..." sai bakina ya tsaya. Shekara goma sha biyu yana bin hanya ɗaya, shi ma sai an tuna masa.

Yaron ya ce, "Kaka, mai askar nan, ubanka, ya sunansa?"

Ban saba kama sunan ubana ba, ko a bayan idonsa. Na dubi Halima, ta gyaɗa kai. Ba mu yanka rago ba, ba mu tara mutane ba, Diktora ta ce a bi a sannu. Na sunkuya na raɗa masa sunan a kunnen dama, yadda ake yi wa jariri. Ya maimaita shi sau ɗaya a hankali, kamar mai gwada sabuwar riga.

Na ɗaga askar, na ga hannuna ya tsaya cak, karo na farko tun shingen Dindir. Na ce, "To Baba, sunkuyar da kai, kada in tafi da kunne."

Ya sunkuya. Daga ƙasa na ji ya ce, "Bi a hankali, ɗana."